Ranar da Na Ƙwace Sukundireba daga Hannunki

Zuwa ga 'yata Safiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin lafiya da kwanciyar rai. Allah Ya tsare ki a tafiyar da ke gabanki, Ya kai ki Riyad lafiya, Ya sa ki tarar da gwaggonki da mutanen gidanta ƙalau, Ya sa karatun injiniya da za ki fara ya zama alheri gare ki da mu baki ɗaya.

Na san za ki yi mamaki, mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da naki ya zauna yana rubuta miki wasiƙa. Ummanki ma da ta gan ni da biro ta tambaye ni ko na samu aikin ofis ne da tsufana. Dalilin kuwa kin san shi. Shekara biyu ke nan rabon ƙafarki da warshata ta gyaran babur, kuma shekara biyu maganarmu ba ta wuce "Ina kwana, Abuya" da "Lafiya lau". Ranar Asabar za ki tafi. Tsorona shi ne ki tafi da abin da na yi miki a zuciya, ki je can nesa ya zauna daram, in kika dawo hutu mu ci gaba da gaisawa kamar maƙwabta. Na rubuta da Hausa ko da yake na san za ki yi ta tuntuɓe wajen karantawa. Larabcina na kan hanya ne, in na ce zan ba da haƙuri da shi sai ya fito kamar ina ciniki da mai sayar da taya.

Zan zo kan wannan rana, amma bari in bi ta hanyar da ni kaina na bi har na gane laifina.

Kin san bencin da ke gaban warsha, inda mu masu babur na dutsen nan na unguwar Tandabawi muke zama bayan la'asar. Kwanakin baya ina shan shayi sai na ɗaga kai na bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar ban taɓa ganinsu ba. Alhaji Dogo, mutumin Maraɗi, gemu fari fat, sai ya dafa bango kafin ya iya ɗaga ƙafa ya hau. Tanko yana yawo da maganin suga a aljihun gaba. Ilu shi ne ƙaraminmu, shi muke aika ya ƙaro ruwan zafi, muna ce masa "kai yaro", alhali jikokinsa uku. Lokacin da kawuna ya kawo ni garin nan mai Ɗakin Allah daga Gusau ina saurayi, benci biyu ba sa ɗaukar mu, wasu a kan baburansu suke shan shayinsu. Yau mu huɗu ne, kuma in ɗaya ya yi tari sai sauran ukun su juya su dube shi.

Tun ranar tambaya ta shige min rai ta ƙi fita. Ina samarin suka shiga? Aikinmu dai bai canza ba. Mota ba ta hawa dutsen nan, lungunan sun yi mata ƙanƙanta. Mu ke hawa da tukunyar gas da buhun shinkafa, mu ke sauko da tsofaffi bakin titi su shiga tasi. Lokacin aikin Hajji mukan tafi wajen unguwar Shisha mu yi ta jigilar alhazan da ƙafafunsu suka gaza. Na daɗe ina cewa jirgin ƙasa da manyan motocin alhazai ne suka rage mana aiki, da kuma rushe tsofaffin gidaje da ya mayar da mutanenmu da yawa unguwar Rusaifa, inda mota ke zuwa har ƙofar gida. Duk wannan gaskiya ne. Amma har yanzu akwai mutane a saman dutse, kuma har yanzu tukunyar gas ba ta koyi hawa matakala da ƙafarta ba. To in mu huɗun nan muka ajiye, wa zai hau? Babur ne zai mutu tare da mu, ko kuwa hannu zai canza mu ne ba mu gani ba? Da na bi tambayar a hankali sai na yi ta cin karo da kaina a hanya.

Kuskurena na farko tsoho ne, kin ma san tabonsa, wanda ke ƙaurina na hagu da kike taɓawa kina ƙarama kina tambayata ko kare ne ya cije ni. A cikinmu uba ba ya koya wa ɗansa hawa. Haka muka tarar. Uba yana da tsawa ga kuma tsoro, sai ya ruɗa yaro a tsakiyar gangara. Saboda haka sai ka kai ɗanka wurin abokinka, shi ma ya kawo maka nasa. Ni kawuna ya damƙa ni a hannun Baba Garba, mahaifin Dogo, mutum mai tsumulmular magana. Ranar farko ya ce min, "Kada ka sauka dutse da inji a kashe." Bai ƙara kalma ɗaya ba. Ni kuwa na ɗauka tsohon bai san tattalin fetur ba ne. Bayan 'yan watanni hannu ya faɗa, kai ya fara kumbura, sai na ɗaura tukunyar gas biyu a baya, na kashe inji a sama, na saki babur yana gangarowa shiru ina jin kaina wani gwani. Rabin hanya birki ya yi zafi ya daina kamawa. Na taka, na matse, babu labari. A shagon mai gasa gurasar tamis na tsaya, ni da babur da tukwane, mai shagon ya tsallake teburinsa ya bar kwaɓin fulawa a ƙasa. Allah Ya tsare ba a rasa rai ba.

Da Baba Garba ya zo duba ni ina kwance, sai a ranar ya ce, "Inji a giya ta ɗaya shi ke riƙe babur a gangara. Birki taimako kawai yake yi." Na ce, "Baba, don me ba ka gaya min haka tun farko ba?" Ya ce, "Don me ba ka tambaya ba?" Mu biyu duka muna da laifi, amma ƙaurina ne ya biya. Saboda haka in malamanki suka hana ki wani abu ba su ba da dalili ba, ki bi tukuna, sannan ki tambaya, ki sake tambaya har sai sun gaji sun faɗa. Kada girman kai ya sa ki gwada da jikinki. Ranar da kuma kika zama mai koyarwa, ki ba da dalili ko ba a nema ba. Ni ban yi haka ba, na zama Baba Garba sak, sai dai na fi shi faɗa.

Na biyu kuwa shi ne ya ba ni amsar rabin tambayata, kuma har yau in na tuna ban san dariya zan yi ko kuka ba. Lokacin da yayanki Basiru ya kai shekara goma sha biyar, ya fara shafa babur ɗina yana zama a kai in na ajiye. Bisa al'ada Dogo ne zai koya masa. Sai wata rana da hantsi na samu Dogo shi kaɗai yana wanke ƙafafun babur ɗinsa, na ja shi gefe na ce, "Alhaji, in Basiru ya zo maka, ka ce ba ka da lokaci. Ba na so ya ƙare a kan dutsen nan kamar ni. So nake ya sa farar riga, ya shiga mota mai sanyi. Amma wannan magana tsakanina da kai." Dogo ya ce tayyib, ya riƙe amana. Basiru ya je masa sau uku yana dawowa da cewa Ammi Dogo, wato Baffa Dogo, ya ce sai wani mako. Daga baya ya haƙura. Yanzu ga shi can a teburin karɓar baƙi na otal da farar rigarsa da motarsa, alhamdulillahi, in tayarsa ta yi faci sai ya kira waya a zo a canza masa.

Ni a zatona ni kaɗai na yi wannan dabara. Na ce ɗa ɗaya in ya fita ai ba zai rage komai ba, 'ya'yan wasu suna nan. Sai ranar da nake gaya miki, da na gama kallon gemunan nan, na ce, "Ya jama'a, wai ina yaranmu? Me ya sa ko ɗaya bai hau ba?"

Tanko ya ce, "Yaran yanzu ai ragwaye ne, waya kawai suka sani."

Dogo ya kurɓi shayi ya ce, "Tanko, ji tsoron Allah. Ba kai ka zo ka same ni ka ce kada in koya wa naka ba?"

Tanko ya yi tsuru-tsuru, ya ce, "Ai tsakanina da kai muka yi!"

Dogo ya ce, "Halas, magana ta ƙare, shekara ashirin ta wuce, amanar ta tsufa. Isyaku ma ya zo min da irinta." Ya nuna ni da kofi. Ilu ya kwashe da dariya har shayi ya sarƙe shi, da ya samu numfashi ya ce, "To kai Alhaji, wa ya zo gidana ya ce in kori ɗansa in ya zo?" Dogo ya sunkuyar da kai yana gyara hula.

Ashe kowannenmu ya je wa ɗan'uwansa a ɓoye, kowa yana zaton 'ya'yan sauran za su cike gurbin. Ni ma wani marigayi daga cikinmu ya taɓa zuwa min da wannan roƙo, na kori ɗansa da cewa bayana na ciwo, kuma ko a lokacin ban haɗa lissafin ba. Da hannunmu muka rufe ƙofar, ɗaya bayan ɗaya, sannan muka zauna a benci shekara da shekaru muna zagin yara da ragwanci. Mun yi dariya ranar har hawaye, amma da na hau gida na kasa cin abinci.

Ban yi nadamar karatun Basiru ba, kada ki fahimce ni ba daidai ba. Abin da na yi nadama shi ne ban tambaye shi ba, kuma na sa an yi masa ƙarya. Wataƙila da ya koya ya bari don kansa. Wataƙila da ya haɗa biyun. Kuma na yi nadamar kunyar da na ji ta sana'ar da ta ciyar da ku, ta sa muku sutura, ta kai ku makaranta. Safiya, in an tambaye ki a Riyad me mahaifinki yake yi, ki ce mai dabbab ne, wato mai babur, yana gyarawa yana hawa, kada ki ce ɗan kasuwa. In kuma za ki yanke shawarar da ta shafi wani, ki yi ta a gabansa. Abin da kika yi a ɓoye kina ganin ke kaɗai ce, sau da yawa kowa yana can yana yin irinsa.

Na uku bai daɗe ba, bara ne. Kin ga samarin nan baƙi da suka fara yawo a gari da babur, da akwati a baya, suna kai wa mutane abinci gida, idonsu a kan waya tana nuna musu hanya. Ni dai tun da na fara ganinsu nake jin haushinsu, ban san dalili ba. Wata rana da azahar, rana tana dukan kai, ɗaya daga cikinsu ya tsaya a gaban warsha. Wayarsa ta kawo shi gindin dutse ta rasa yadda za ta yi da shi. Ya nuna min sunan gida, cikin Larabcinsa da bai fi nawa ba ya ce, "Ammi, fen?" wato "Baffa, ina ne?" Na san gidan sarai, na kuma san lungun bayan masallaci da babur ke bi ya kai har ƙofa. Amma sai na nuna masa matakala. Ya kashe babur, ya ɗauki akwatin a kafaɗa, ya hau da ƙafa. Ina zaune ina jin daɗi, wai in ga ko wayar za ta ɗauke shi.

Ya sauko rigarsa sharkaf da gumi. Maimakon ya wuce, sai ya zo ya ce min shukran da zuciya ɗaya. Sannan ya tsaya gaban tsohon babur ɗina, ya shafa tankin, ya ce mahaifinsa yana da irinsa a ƙasarsu, shi ya koya masa hawa. Ya yi murmushi ya tafi. Kunya ta rufe ni. Ga ni kullum ina kukan babu saurayi a kan babur, ga saurayi a kan babur ya zo har ƙofata yana tambayar hanya, na tura shi matakala don bai yi kama da wanda nake jira ba. Na yi ta duba titi ko zai sake zuwa in nuna masa lungun, ban ƙara ganinsa ba. Ke ma baƙuwa za ki zama a can, za ki tambayi hanya. Allah Ya haɗa ki da waɗanda suka fi mahaifinki. In kuma kika zauna kika san gari, wanda ya tambaye ki ki nuna masa hanya mai sauƙi, ko da ganinsa bai yi miki ba.

Tun daga nan nake kallon samarin nan da wani ido, kuma tambayoyi sai ƙaruwa suke yi. Suna hawa fiye da yadda muke hawa, amma ban taɓa ganin ɗayansu ya karkata kai yana sauraron injinsa ba. In ya lalace a ba shi wani. Shin za su tsufa a kai kamar mu, ko matakala ce kawai suke takawa su wuce? Da muka je Jidda biki na ga masu manyan baburan nan na 'yan gayu a bakin teku, na ce to ga samari. Suna cire hular kwano sai ga furfura, wani har da sanƙo ya fi nawa. Ashe ba mu talakawan dutse kaɗai muka tsufa a kan sirdi ba. Basiru kuma ya nuna min a wayarsa wani babur mai aiki da batir, ba fulogi, ba baƙin mai, ba salansa, yana tafiya shiru kamar kyanwa. Na kalla sau biyar. Zai iya hawa dutsenmu da tukunya biyu? In zai sauka, me ke riƙe shi? In ya yi ciwo, ta ina ake ji, tun da ba ya magana? Da gaske nake tambaya. In kin karanta kin gano, ki gaya min, don wallahi ina so in sani kafin in bar duniya.

To yanzu na zo kan ranar. Kina da shekara goma sha bakwai. Babur ɗin Ilu ya kwana biyu a warsha yana wani ƙas-ƙas da na kasa kamawa. Na ce bawul ne, na buɗe na daidaita, ƙarar tana nan. Na sake buɗewa, tana nan. Raina a ɓace, ga Dogo da Tanko da Ilu a benci suna ba ni shawarar da ban nema ba. Sai kika sauko da tiren abincin rana. Kika ajiye, kika tsaya kina kallon injin yana aiki. Ban ankara ba kika ɗauki doguwar sukundireba, kika kafa bakinta a jikin injin, kika manna ƙotar a kunnenki, kika rufe ido, daidai yadda nake yi. Kika matsa da ita gefe kaɗan, kika sake saurara. Sannan kika ce, "Abuya, wallahi ba bawul ba ne. Sarƙar cikin injin ce ta saki, ji yadda take dukan gefe."

Tanko ya tafa hannu ya ce, "Mashallah! Isyaku, ashe mu'allim yana sama, muna nan muna ɓata lokaci da ɗan koyo." Suka yi dariya. Wasa ne irin namu, kullum muna yin wanda ya fi shi. Amma ni sai na ji kamar an tuɓe min hula a tsakiyar kasuwa. Na fizge sukundireba daga hannunki na ce, "Wa ya sa bakinki? Ɗauki tirenki ki hau sama. Kada in ƙara ganin ƙafarki a nan." Ba ki yi kuka ba. Kika dube ni sau ɗaya, kika juya. Kuma da yake taurin kaina kika gada, kin bi umarnin nan har ƙarshensa.

Ga abin da ba ki sani ba, ba wanda ya sani. Da suka tafi masallaci na buɗe gefen injin. Sarƙar ce. Ta saki har ta fara cin murfin. Na canza ta, ƙarar ta ɗauke. Da Ilu ya dawo na ce masa na gano matsalar, ban ce wa ya gano ba, na bar shi yana zaton bawul ɗin ne ya daidaitu a karo na uku. Har yau yana gaya wa mutane babu kunne irin na Isyaku a Tandabawi, ni kuma ina karɓar yabon ina gyaɗa kai. A ranar na yi niyyar in hau in ce miki kin yi gaskiya. Na ce bari sai gobe. Gobe ta zo maganar ta ƙara nauyi, jibi ta fi haka, har ta kai ba na iya ɗaga ta.

Nasihata a nan biyu ce, ɗaya daga kuskurena, ɗaya daga naki, don ke ma kina da ɗan naki. Nawa shi ne: in wanda yake ƙasa da ke ya fi ki gaskiya a gaban mutane, ki ce ya yi gaskiya a nan take, kafin bakinki ya yi nauyi. Minti ɗaya ne na kunya. Ni na guje wa minti ɗaya na sha shekara biyu. Naki kuwa: inda za ki je maza ne suka fi yawa, kuma za ki haɗu da irina, wanda zai fizge abu daga hannunki don kin riga shi gani. Kada ki bar masa ɗakin. Ki yi shiru in shirun ya fi, ki gaishe shi da ladabi, amma gobe ki dawo ki tsaya inda kika tsaya jiya. Ni ubanki ne shi ya sa kika yi min biyayya, na sani, Allah Ya yi miki albarka. Su ba iyayenki ba ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wanda na kasa daina juyawa, shi ne yadda aka yi kika koya. Ba wanda ya zaunar da ke. Na tambayi Ummanki, ta dube ni kamar na tambaye ta ina alƙibla. Ta ce tun kina shekara biyar kike zama a tagar da ke saman warsha kina aikin makaranta, kafin babur ya sha kwana ki ce, "Ammi Dogo ne," ko ki ce, "Na Ammi Tanko ba shi da lafiya yau," kuma washegari sai ga shi an turo shi. Ta ce ta sha gaya min ina cewa to. Mun tsare 'ya'yanmu maza, mun bi juna gida-gida kada a koya musu, amma ba wanda ya je wurin wani ya ce kada a koya wa Safiya, don ba wanda ya tuna da ke. Kina sama da kanmu kina ɗauka kullum. Bana ga shi an ba matan ƙasar nan izinin tuƙi, na ji an ce har da babur. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban san ko zuciyata za ta ɗauki ganinki a kai ba, wataƙila in rufe ido. Ba kuma cewa nake ki gaji benci ko warsha ba. Ki je ki yi karatunki, ki wuce inda na tsaya. Sai dai yanzu in na tambayi kaina wa zai san inji bayanmu, na daina leƙen titi kawai.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi min wuya. Kunnena yana tafiya, Safiya. Likita ya tabbatar min watan jiya, ya ce shekarun ƙarar inji ne suka taru. Ban gaya wa Ummanki ba, ko da yake ina zaton ta gane, don ta fara ɗaga murya in tana kirana. Makon da ya wuce Dogo ya ce min babur ɗina yana wata ƙara da bai gane ba. Na jira suka tafi, na tayar da shi, na kafa sukundireba na manna a kunne. Na juya ɗaya kunnen. Guuu kawai nake ji, kamar an tura kaina cikin randa. Na kashe injin. Ranar Lahadi zan sauko da Hajiya Kulu, tsohuwar nan ta can saman dutse, za ta je asibiti, kuma ba zan ɗora ta a kan injin da ban san abin da ke damunsa ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar Dogo da Tanko da Ilu za su zo shan shayi kamar kullum. Zan gaya musu wa ya gano ciwon babur ɗin Ilu, zan faɗa ko kin sauko ko ba ki sauko ba, don wannan haƙƙinki ne. Amma ina roƙonki ki sauko. Na janye maganar da na yi, a gabansu na kore ki, a gabansu nake so in miƙa miki abin da na ƙwace. Ki saurara min injin nan, ki gaya min abin da yake cewa, ni na daina ji. In zuciyarki ba ta ba ki ba, ba zan riƙe ki ba ko kaɗan, albarkata tana tare da ke a kowane hali. Ki yafe min, 'yata.

Allah Ya kiyaye ki a hanya da masauki, Ya tsare ki daga sharrin mutum da na ƙarfe, Ya buɗe miki ƙirji ga ilimi, Ya haɗa ki da malamai masu ba da dalili da abokai masu faɗin gaskiya. Allah Ya dawo mana da ke lafiya, Ya sa muna raye. Na bar ki a hannun Wanda amanarSa ba ta ɓata.

Ranar Juma'ar zan tayar da injin da zarar an idar da la'asar, in bar shi yana aiki har a kira magariba.

Mahaifinki,
Isyaku